Kuɗin Sintiri da Bakin Ruwa: Yadda Wani Gari a Ƙasar Yauri Ya Sake Duba Tsaron Rayukansa

Garin da wannan nazari ya shafa yana bakin Kogin Kwara, cikin masarautar Yauri a kudancin Jihar Kebbi. Da gangan na ɓoye sunansa da na mutanensa, domin a halin da ake ciki ba dabara ba ce a shelanta wa duniya inda 'yan sintirin gari suke kwana ko abin da suke riƙe da shi. Gari ne na manoman albasa da shinkafa da gero, da Sarkawa masunta, da 'yan fito. Ta gabas, wajen tudu, akwai rugagen Fulani da suka girmi yawancin gidajen kwanon garin. Ta yamma kuwa ruwa ne, da gungu da wasu iyalai ke zaune a kai suna noma. Maigari ke riƙe da garin tare da masu unguwanninsa, shi kuma yana ƙarƙashin uban ƙasa. Da aka kafa kwamitin duba sha'anin tsaro ni aka ba alƙalami, saboda ina koyarwa a firamare, kuma daga littafin zaman kwamitin na tsamo abin da ke biye.

Abin da ya tayar da maganar

Tun 2021 garin ke karɓar abin da ake kira kuɗin sintiri. Shekarar ta zo wa ƙasar Yauri da nauyi. Ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana, suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan ma sai 2023 suka ga gida. A Maris na 2022 kuma aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, aka kashe sama da 60. Duk wanda ke zaune a wannan yanki a lokacin ya san yadda barci ya ƙaurace wa mutane. Sai aka ɗora wa kowane maigida wani abu da kaka, ko hatsi ko kuɗi, ranar kasuwa kuma a bi 'yan tebur da 'yan rumfa. Da shi ake sayen man babur, da batirin tocila, da albarushi, da shayin masu kwana waje.

Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ya daina isa. Shugaban 'yan sintiri ya zo fada yana neman a ninka, a ƙaro babura da bindigogi. Magidanta suka yi ca, suka ce tunda aka fara karɓa ba a taɓa karanta musu lissafi ba. Maigari ya saurari kowa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ba ni cewa a ƙara, ba ni cewa a bari. Ku tafi ku gano mini abin da ke kashe mutanena, sannan mu san inda kuɗin za shi."

Aka sa liman, da Sarkin Ruwa, da Sarkin Noma, da Magajiya a madadin mata, da malamin asibiti, da kansilan mazaɓa, da shugaban 'yan sintiri. Sa Ardo cikin kwamitin ne ya jawo gardama, har wasu samari suka tashi daga zaure. Maigari ya ƙi janyewa.

Wa doka ta ɗora wa me

Kafin mu fita, kansila ya zo da Kundin Tsarin Mulkin 1999 aka duba. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, ta Tarayya. 'Yan dokan En'e da iyayenmu ke ba da labari an haɗe su da ita tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya zare ragowar ikon zartarwa daga hannun sarakuna. Kundin bai ambaci aikin maigari ba ko sau ɗaya. Hukumar kashe gobara da muke iya kira ta jiha ce. Hanyar ruwan Kwara tana hannun NIWA, hukumar Tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, mai hedikwata a Lakwaja da ofishi a Yauri. Ita ƙaramar hukuma, Jadawali na Huɗu ya ba ta kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da magudanai da rajistar haihuwa da mutuwa. Cikin jerin akwai wani layi da babu wanda ya san da shi a zauren, har kansilan kansa: ita ke da ikon ba kwalekwale lasisi, kamar yadda take ba kekuna da amalanke.

Ma'anar wannan a ƙasa ita ce, mutumin da ake buga wa ƙofa da tsakar dare ba shi da iko a takarda, masu iko a takarda kuma suna nesa. An yi ta murnar hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma kwamitin ya yarda kada ya gina komai a kan kuɗin da bai gani ba. Tambayar da muka tsaya a kai ita ce: daga lokacin da abu ya faru zuwa lokacin da hukuma za ta iso, me garin yake da shi a hannunsa?

Lissafin liman

Babu rajistar mutuwa da ake cikewa a garin. Amma liman ya san duk wanda ya sallata, Magajiya da tsofaffin da ke wankan gawar mata kuma sun san matan da jariran da ba a cika yin shelar rasuwarsu ba. Muka zauna da su unguwa-unguwa, muka ware waɗanda tsufa ko doguwar jinya ta ɗauka, muka rubuta mutuwar farat ɗaya kawai tun daga 2021. Wani dattijo ya ce wannan shiga hurumin Allah ne. Liman ya ba shi amsa da kansa: "Baba, ajali gaskiya ne, ba mu ja da shi. Sababi ne za a tambaye mu."

Da aka tattara, ruwa ne a kan gaba, da tazara. Bayansa matan da naƙuda ta yi wa gardama suka cika a hanya ko a cikin jirgi. Sai saran maciji da haɗarin babur. Gobara ta fi cin dukiya, amma ta ci yara. Bindiga ce ta zo ƙarshe, kuma waɗanda ta kashe a hanya ko a gonakin tudu ta same su, ba cikin gari ba.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin raina bala'in 'yan bindiga. Da a garuruwan Danko-Wasagu ko Sakaba aka yi lissafin, da jerin ya juye. Shugaban 'yan sintiri ma bai yi shiru ba, ya ce: "Ranka shi daɗe, ai don muna kwana waje ne lissafin bindiga ya yi kaɗan." Yana da gaskiya a nan, kuma an rubuta masa ita. Abin da lissafin ya nuna shi ne kuɗin gari gaba ɗaya yana tafiya ƙofa ɗaya, alhali mutuwa ta ƙofofi da yawa take shigowa.

Bakin ruwa

Nan kwamitin ya fi daɗewa, nan kuma zan fi daɗewa.

Babu gidan da ya manta da 26 ga Mayu 2021, makonni uku kafin abin da ya faru a Birnin Yauri. Jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya dare ya nitse kusa da Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai kuma ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Harin makaranta ya haifar da kuɗin sintiri a garinmu. Nitsewar jirgin, duk da yawan rayukan da ta ci, addu'a kawai ta haifar.

Ruwan nan ba irin wanda kakanni suka sani ba ne. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin ya shanye garuruwa da dazuzzuka, aka tayar da mutum sama da 40,000. Kututturan itatuwan da ya binne suna nan ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya su ne ke fasa jirgi. Cikarsa kuma sau biyu take zuwa: ta damina, mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba, da ta biyu da ke isowa cikin hunturu bayan doguwar tafiya daga Gini da Mali. Hanyar da matuƙi ya bi lafiya wannan wata, wani watan tarko ce. Da can Sarkin Ruwa ke faɗin inda za a bi da lokacin da za a tashi, kuma maganarsa yankan wuƙa ce. Yanzu yawancin manyan jiragen inji na 'yan kasuwa ne da ke zaune a birni, sun ɗauki samari suna biyansu gwargwadon abin da suka kawo. Tsadar mai ta sa sawu biyu ya koma ɗaya. Yaron da aka ce ya kawo kaza da yamma ba zai bar fasinja a tudu don tsohon da ba ya biyansa ya ɗaga hannu ba.

Wata ranar kasuwa kwamitin ya tsaya a tashar jirgi daga la'asar. An fara da buhunan albasa a ƙasa, aka ɗora babura a kansu aka ɗaure, sannan mutane suka hau suna zama kan kaya da gefen katako. Kafin a tashi, tsakanin bakin jirgin da ruwa bai kai taƙi ɗaya ba. Wani yaro yana tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta haɗin katako, kuma tun ba a kunna inji ba bai huta ba. Rana ta riga ta yi ja. Dokar NIWA ta hana tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Rigunan da aka taɓa rabawa suna nan cikin buhu a goshin jirgi, an ɗaure bakinsa da igiya.

Sarkin Ruwa ya ce mutane ne ba sa son sawa, musamman mata. Magajiya ta tare shi: "Sarkin Ruwa, to in na sa rigar, ina za ni kai goyona?" Babu wanda ya taɓa tunanin haka cikin mazan kwamitin. Rigar ba ta hawa kan goyo, kuma macen da ta nitse da ɗa ɗaure a bayanta ba ta iya ceton kanta balle shi. Ta ƙara da cewa riguna ne da ƙarti suka sa suka yi gumi, ba a wankewa, ba kuma na yara a ciki ko ɗaya. Daga bakinta aka samo ƙa'idar da aka kafa daga baya: kafin a tashi kowace uwa ta sauke goyo ta riƙe shi a gaba, a ware wa mata rigunansu, a riƙa wanke su.

Abin da ya sauya alƙiblar binciken duka ya fito ne a zaman da ya biyo baya. Sarkin Noma ya tambayi shugaban 'yan sintiri, in Allah ya kawo ranar da 'yan bindiga suka zo da yawa, kan babura masu goyon biyu da uku, mene ne shirin?

"Mu harba sama mu tada gari, mu tsaya a mashiga iya ƙarfinmu. Mata da yara su yi bakin ruwa su haye gungu."

"Da wane jirgi?"

Aka yi shiru. Masu jirage suna kwance injinsu su kai gida da dare don tsoron ɓarayi. Babu jirgin da ke kwana da mai. Matuƙa wasu a wani gari suke kwana. An ma taɓa ganin alamar abin da zai faru: wani dare jita-jita ta tashi cewa ga su nan, jama'a suka yi dafifi kan jirgi ɗaya cikin duhu, ya kife tun bai bar gaɓa ba. Allah ya sa ruwan iya ƙirji ne, kuma labarin ƙarya ne. An yi ta hamdala, ba wanda ya kira shi matsalar tsaro. Ga shi kuwa bindigar toka ba ta tare irin waɗannan mutane, iyakarta ta ɗan jinkirta su. In hanyar tsira ita ce ruwa, to jirgi da mai da matuƙi suna cikin shirin tsaro daidai da bindiga, kuma su ne ɓangaren da ba a taɓa kashe wa ko kwabo ba.

'Yan sintiri

Haƙƙinsu ne a faɗi alherinsu. Samari ne da ke barin shimfiɗarsu cikin hunturu da damina, ba albashi, sun san kowace burtali da kowane kwazazzabo. Satar awaki da fasa shaguna sun ragu ƙwarai tun da suka fara. Amma kwamitin ya tarar da abubuwan da ba za a kau da kai a kansu ba.

Babu takardar da ke ɗauke da sunayensu. Wanda ya ga dama ya rataya bindiga ya shiga sahu, wanda ya gaji ya daina zuwa da bindigar a hannunsa. Akwai kuma wani ɗaki bayan kasuwa da ake kulle wanda ake zargi, wani lokaci kwana da kwanaki, ana duka har sai ya amsa. Doka ta yarda ɗan gari ya kama mai laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ko su 'yan sandan, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba su kwana ɗaya ne su kai mutum kotu in akwai kotu cikin kilomita 40. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ba ta ware kowa ba.

Yawancin waɗanda suka kwana a ɗakin nan yaran ruga ne. A nan Ardo, wanda bai cika magana ba, ya buɗe baki.

"Ranka shi daɗe, ɓarawon da ke zuwa garinku ta kaina yake bi. Shanuna yake fara kora. Da, in munka ga baƙon ido cikin daji, kafin azahar kun ji. Yanzu yarona in ya shigo kasuwa, tambayarsa a kan yi ina ya samu kuɗin waya, a ɗaure shi. Wa zan aiko?"

Matan ruga sun rage kawo nono, samarinsu sun koma cin wata kasuwa. Garin ya rasa idonsa na gabas, ya rasa shi da hannunsa, kuma babu yawan babura da zai maye gurbinsa. Zamfara ta isa misali: kashe-kashen da 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni ba tare da shari'a ba suna cikin abubuwan da suka mayar da satar shanu gabar ramuwa mai cin gari guda. Da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairu 2024, su sama da 2,600, abin da ta nema ta bambanta su da shi ke nan: rajista, horo, kaki, albashi, da shugaban da za a tuhuma in an yi ba daidai ba. Ƙauye ba zai iya kaki da albashi ba, amma littafin sunaye bai fi ƙarfinsa ba.

Baturen 'yan sandan yankin ya amsa gayyata ya zo, kuma bai yi rufa-rufa ba. Mutanensa kaɗan ne, garuruwan da ke wuyansa da yawa, mota ɗaya, man da ake ba shi ba ya kai ƙarshen wata. Ya ce in aka kawo masa wanda ake zargi da shaidu zai karɓa ko ƙarfe nawa ne, amma in aka kawo shi a karye to wanda ya karya shi ma zai kwana. Ya tuna mana cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma, ya nemi a ba shi sunayen mutum biyu da zai riƙa kira kai tsaye.

Batun kuɗi ya zo da sauƙi fiye da yadda ake tsegumi. Ba a samu alamar wani ya gina gida da shi ba. Babu dai littafi, kuma da aka bi diddigi, mafi yawan man yana ƙonewa ne wajen rakiyar fatake zuwa kasuwannin nesa. Wato gwauruwar da ta ba da tiyar gero tana biya wa mai buhu ɗari kuɗin rakiya.

Gobara, haihuwa, maciji da waya

'Yan bumburutu suna jera jarkokin fetur a cikin kasuwa, rumfa ɗaya tsakaninsu da masu tuyar ƙosai, ga zana da kara ko'ina. Motar kashe gobara kafin ta iso sai dai ta tarar da toka. Sarkin Noma ne ya lura cewa garin cike yake da injinan ban ruwan albasa, da mesa mai tsawo, ga kogi a bakin ƙofa. Aka tsara kowace unguwa ta san injin wa za a ɗauko. Malamin asibiti ya ja kunne cewa wutar fetur ba a zuba mata ruwa, yashi take so, shi ya sa aka ce a ajiye bokitan yashi inda aka mayar da masu man.

Asibitin sha-ka-tafi na garin da la'asar ake rufe shi, ma'aikacin ɗaya ne kuma ba nan yake kwana ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya matakin farko, amma ba kowane asibiti ake zaɓa ba, namu kuma ba ya cikin zaɓaɓɓun. Babu maganin dafin maciji. Kububuwa ce ta fi sara a gonakin tudu, dafinta yana hana jini daskarewa, don haka tsagar da ake yi a gida ƙara zubar jini take. Sau da yawa ana ɓata kwana biyu wajen mai magani, sai jini ya fara fita ta dasashi a nemi mota. Naƙuda ma haka: jinkirin farko wajen jiran izinin maigida, na biyu wajen neman kuɗin mai.

A nan dokar hana tafiyar dare ta ci karo da mace mai naƙuda a gungu. Ba za a ce mata ta jira ƙarfe 6 ba. Kwamitin ya ga cewa jirgin da zai ɗauko ta, shi ne dai jirgin da za a fara buƙata ranar gudu, don haka abu ɗaya zai biya buƙata biyu.

Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma sabis a garin sai an hau tudun makaranta. Kuma kowa ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya a Satumba 2021 don aikin soja. Aka tsayar cewa waya ba za ta zama ita kaɗai ba. Lasifikar masallacin Juma'a mai batirin sola ita ce ta farko, sai kuge mai kiɗa daban ga wuta, daban ga ruwa, daban ga hari. Na hari ba a buga shi sai da izinin mai unguwa ko shugaban sintiri, saboda daren da jirgi ya kife.

Abin da aka yanke

Ba a ninka kuɗin ba, ba a kuma rage ba. Rabi ya tsaya ga sintiri. Ɗaya rabin aka raba tsakanin asusun gaggawa, wanda ake biyan mai da shi a kai mara lafiya asibiti iyali su biya daga baya, da kuma jirgi guda da zai riƙa kwana da inji da mai da fitila, 'yan sintiri biyu suna gadinsa, matuƙinsa kuma wanda Sarkin Ruwa ya zaɓa. Masu sauran jirage suka yarda su riƙa juyi, kowane dare wasu su kwana a shirye. Kowane jirgi aka ja masa jan fenti a gefe, in ruwa ya taɓa layin a sauke kaya. Fatake su biya man rakiyarsu. Aka rubuta sunan kowane ɗan sintiri da sunan mai unguwar da ya tsaya masa. Wanda aka kama, a kai shi ga maigari nan take, daga nan sai ofishin 'yan sanda, ba kwana. Ardo ya ba da samari biyu cikin masu sintirin gabas. Lissafi kuma a karanta shi bayan sallar Juma'a duk wata uku. Maigari ya rufe zaman da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, ya sa aka gwada shirin hayewa da rana, unguwa-unguwa, don kowace uwa ta san jirginta.

Akwai inda ban yarda da kwamitin ba, kuma na faɗa a zaure. An bar karɓar kuɗi daga 'yan tebur ranar kasuwa yadda yake, alhali masu jirage, waɗanda sana'arsu ce ta fi jefa mutane cikin haɗari, ba a ɗora musu komai ba sai kuɗin fenti. An ji tsoron kada su yi fushi su janye daga juyin kwana. Na fahimci dalilin, amma nauyin ya sauka kan wuyan da ya fi rauni.

Inda aka kwana

Ɗakin bayan kasuwa yanzu albasa ake ajiyewa a ciki. Matan ruga sun dawo da ƙoransu, kuma ta bakinsu aka ji labarin baƙin fuska a dajin gabas har aka sanar da jami'ai da wuri. Jirgin gaggawa ya ɗauko masu naƙuda daga gungu cikin dare, asusun kuma yana juyawa, ko da yake wasu da aka rance wa sun ƙi biya har sai da liman ya yi huɗuba a kai. Wasu samari sun bar sintiri don ba a sayi bindigogin ba, suna cewa an ba Fulani sirrin gari. Shugabansu ya tsaya, amma duk zama sai ya maimaita buƙatarsa, ana kuma rubutawa.

An aika wa ƙaramar hukuma takarda ta hannun kansila, ana neman ta fara ba kwalekwale lasisi bisa sharaɗin layin fenti da riguna, ta kuma turo ma'aikacin asibiti mai kwana. Ana jiran amsa.

Jan layin ana kiyaye shi da safe. Da yammar ranar kasuwa ne ake kai ruwa rana, kuma masu manyan jirage biyu sun sami mafita: suna tashi daga tasharmu daidai layi, su gangara kaɗan su ƙara lodi a tashar garin maƙwabta, inda Sarkin Ruwanmu ba shi da ta cewa. Fasinjojin da ke ciki mutanenmu ne. Maigari ya kai maganar gaban uban ƙasa, shi kuma ya ce masu garin biyu su zo da sarakunan ruwansu da masu jiragen kafin cikar hunturu ta iso, a yi ƙa'ida ɗaya ga tashoshin gundumar duka.